Ƙugin da ke Cikin Bidiyon Tino

Ƙanena Peniamina, wanda duk mutanen garin Logan ke kira Peni, bai taɓa gama shan shayi a zaune ba. Zai kurɓa sau biyu, ya tuna famfon baya yana ɗiga, ya miƙe da kofin a hannu, sai can da yamma matarsa Apaula ta tsinto kofin a kan katanga ko a saman firiza. Shekara ashirin da shida ke nan yana tuƙa motar ɗaga kaya a wani katafaren sito, kuma ba na shakka abin da ya zaunar da shi a aikin shi ne kujerar tana tafiya da shi. Ni ce yayarsa Telesia. Ni na yi rainonsa a ƙauyenmu can Samoa tun bai iya share hancinsa ba, don haka ina da hurumin faɗin halinsa, ko ya so ko ya ƙi.

Abu ɗaya ne ke tsayar da Peni wuri guda, shi ne waƙa. Shi ke riƙe muryar ƙasa, mai kaurin nan, a mawaƙan cocinmu, a layin baya, kusa da taga. In ya shigo cikin waƙa ba a kunne kake fara jin sa ba, a bencin da kake zaune kake ji. Bai taɓa tayar da waƙa da kansa ba, ko an roƙe shi ba ya yi. Amma kada wani ya kuskura ya tayar a kusa da shi. Rediyo ne, yaran maƙwabta ne ke bikin ranar haihuwa a bayan shinge, wata ce ke ɗan rera abinta a kanti, sai ka ji Peni ya shiga ƙarƙashi ya tallafe, bakinsa a rufe, idonsa a kan wani abu daban. Sau da yawa bai ma san yana yi ba.

Na san inda ya samo wannan hali. Mahaifinmu shi ne malamin waƙa na ƙauye, mutumin da ba a ganin haƙorinsa sai ranar Kirsimeti. Ba ya dukan wanda ya makara zuwa koyon waƙa. Abin da yake yi ya fi duka ciwo: sai ya tsayar da kai a tsakiyar tabarma ka rera baiti guda kai kaɗai, mutum arba'in da suka san waƙar suna kallonka, kowa ya kulle bakinsa. Mu kuwa a wurinmu, ko biki ko makoki, in mutum ya tayar da waƙa, kafin ya kai ƙarshen layin farko an riga an kama masa. Wanda aka bari yana rerawa shi kaɗai, an nuna masa ba shi da kowa ke nan. Peni yana da shekara tara aladen gidanmu ya ɓalle, ya bi shi har cikin gonar gwaza, ya iso a makare da laka har gwiwa. Da yake ɗan malam ne, baiti biyu aka yanka masa. Ina layi na biyu a ranar, na ciji leɓena har ya fashe don kada na kama masa. Da muka koma gida bai ci abinci ba, kuma bai taɓa tayar da maganar ba.

Fuatino ce autarsa, Tino muke ce mata. Yayyenta maza biyu sun yi aure sun koma Sydney, ita kaɗai ta rage a gidan. A kan ƙirjinsa ta yi barcin jarirantaka, yana bitar waƙoƙin Lahadi tana lilo a kai. Tana da shekara bakwai aka ba ta baiti ta rera a Lahadin yara. Ta fito cikin fararen kaya, ta buɗe baki, kalmomin suka gudu suka bar ta. Kafin hawaye ya zubo uban ya shigo daga layin baya, coci ya ɗauka gaba ɗaya, ta gama waƙarta tana murmushi. Tun daga ranar, duk inda Tino ta rera, a coci ne, a gareji ne, a mota ne, ubanta na nan a ƙarƙashi.

Bara, tana ajin ƙarshe na sakandare, ta ce ita wasan daɓe za ta karanta, irin wanda ake haɗa wasa da waƙa da rawa, a wata makaranta da ke Melbourne. Na zaci Peni zai kawo zancen lauya ko nas kamar sauran iyaye. Sai ya tashi ya zagaya tebur sau biyu, ya tambaya me ake bukata. Makarantar ba ta kiran kowa sai ta fara ganin bidiyonsa, ɗaruruwa ke turawa, 'yan kaɗan ake kira. Ana son rawa, da guntun wasa, da waƙa biyu, mai sauri da mai sanyi. Dokokin sun cika shafi guda: a kwantar da wayar, bango ya zama fili babu ado, a ga mutum daga gwiwa zuwa kai, ya faɗi sunansa sannan ya fara, ɗauka ɗaya babu yanka babu gyara. Layin ƙarshe ya ce muryar mai nema kaɗai ake son ji, tare da fiyano, ban da wata murya. Za a rufe karɓa ranar Juma'a da ƙarfe biyar na yamma. Wanda ya makara sai baɗi.

Peni ya ɗauki hutun mako guda, ya ce babu mai riƙe wayar nan sai shi. Apaula ta dubi idonsa ta gane abin da ke tafe, ta je gidan tsofaffin da take aiki ta karɓi aikin safe da na rana har Juma'a. Ni da na yi ritaya daga kicin ɗin makaranta ba ni da wurin gudu. Aka ɗora mini danna sifika, wadda ke fitar da kiɗan fiyanon da malamar Tino, Malama Hartigan, ta naɗa mata.

Garejin Peni bai taɓa ganin mota ba tun da suka tare a gidan. A nan ake saukar baƙi, a nan ake addu'ar yamma, bangon kuwa cike yake da hotunan dangi, na raye da na mace, kowanne da furen roba a wuya. Ranar Litinin ya sauke su ɗaya bayan ɗaya yana ba kowanne haƙuri, ya rataya farin zanin gado. Ya ja da baya ya ga layin ninki, ya sauke ya goge, ya mayar, ya sake saukewa. Ya kwaso fitilun ɗakunan barci. Ya je wurin maƙwabcinsa Mista Doyle ya roƙe shi kada ya tayar da injin yankan ciyawa sai bayan Juma'a, ya bi shi da kwanon fanke don toshe baki. Tsuntsayen kan mangwaro ne kawai bai san yadda zai yi da su ba, ko da yake na gan shi yana musu magana.

Rawa da wasa suka wuce lafiya ranar Talata. Waƙar mai sauri ma ba ta ba mu wahala ba, don surutu ce da tsalle-tsalle, Peni ya ce wannan ba waƙa ba ce, rigima ce. Saura mai sanyin. Wata yarinya mai wanki ce a cikin wasan ke roƙon rana ta jinkirta faɗuwa kafin kayanta su bushe. Minti ɗaya da rabi ce kacal, amma dab da ƙarshe fiyano yana yin shiru, muryar ta hau sama ta tsaya can ita kaɗai har tsawon numfashi guda mai kyau, sannan kiɗan ya dawo ya same ta. In ta karkace ko kaɗan a wurin, da dawowar fiyano kowa zai ji.

Ranar Laraba muka ɗauka sau goma sha huɗu. Ɗaya kukan tsuntsu ne ya ɓata shi, ɗaya ƙarar jirgin sama, biyu babban yatsan Peni ne ya leƙo, uku kuma hoton ya yi ta rawa saboda ƙafarsa ba ta san tsayuwa ba. Na sha huɗun ya fito yadda ake so. Tino ta haye wurin nan mai wuya ba ta girgiza ba, har tsigar jikina ta tashi. Muka kalla a waya muna tafi, Peni ya zagaya garejin yana share ido da wuyan riga, aka tura wa Malama Hartigan ta duba.

Da safiyar Alhamis amsarta ta zo. Ta ce waƙa ta yi, sai dai akwai wani ƙugi a ƙasa-ƙasa tun daga farko har ƙarshe, da iyafis a kunne ake jin sa sosai, kuma masu dubawa da shi suke saurare. Ta ce a duba ko firiji ne.

Peni ya juya ya kalli babbar firizar da ke kusurwa kamar ya kama ɓarawo. Ya zare wayarta daga bango. Aka sake ɗauka, Tino ta saka iyafis, ta ce yana nan. Ya kashe fanka, muka fara dahuwa a ƙarƙashin kwanon rufi. Yana nan. Ya fita ya kasa kunne a jikin shingen Mista Doyle ko na'urar sanyaya ɗakinsa ce. Ya dawo ya kashe wutar gidan gaba ɗaya, aka ɗauka da hasken ƙofa. Yana nan daram. Wajen azahar ruwa ya fara bin ƙasa daga gindin firiza, kifi da haƙarƙarin rago na narkewa, muryar yarinya ta fara gajiya, ni kuma raina ya gama ɓaci. Na fizge iyafis ɗin na cusa a kunnena, na rufe ido.

Ƙugin na nan kuwa. Amma da Tino ta hau sai ya sauka. Da ta tsaya shan numfashi sai ya jira ta. Da fiyano ya yi shiru sai ya ƙara kauri ya shimfiɗe a ƙarƙashinta. Na san muryar nan tun tana siririya.

"Peni, zo nan."

"Ina zuwa, Yaya, bari na duba tankin ruwan zafi."

"Bar tankin nan, bai yi maka komai ba. Kai ne."

"Ni ne me?"

"Kai ne firizar."

Ya rantse ya maya. Ya ce bakinsa a rufe yake tun safe, ya kira Tino shaida. Ta ce gaskiya ne, bakinsa a rufe yake, sai dariya ta ƙwace mata har ta zauna a ƙasa. Wayar a jikin ƙirjinsa yake riƙe ta, da hannu biyu, don kada ta motsa, ashe a bakin rijiyar muka ajiye ta. Na saka masa iyafis da kaina. Ya saurara har ƙarshe, ya cire, ya ce wataƙila babbar mota ce ke wucewa a titi. Na tambaye shi wace babbar mota ce ta san inda ake sauka a baiti na biyu. Ya je ya mayar da wayar firiza, ya ɗauko tsumma ya hau goge ƙasa, ya daɗe yana goge wurin da ya riga ya bushe. Da na waiwaya, Tino ta daina dariya.

Juma'a ta waye da zafi mai nauyi, irin wanda ke kawo hadari da yamma. Peni ya iso gareji da alkawari a bakinsa: yanzu da ya sani, shi ke nan. Aka ɗauka, yana nan. Ya ce to a ɗora wayar a kan teburin guga, a tallafe ta da littattafan waƙa, shi zai tsaya can baya. Aka yi haka, ya tsaya a kusurwa ya harɗe hannu, aka ɗauka, ya ragu amma yana nan. Ya cusa fanke guda a baki ya cika kumatu, sai abin ya biyo ta hanci. Ba da gangan yake yi ba, na ga wuyansa yana kokawa, zufa na bin gemunsa. Yana iya daurewa layi biyu, uku, amma da zarar fiyano ya yi shiru ya bar yarinyar a sama, sai ƙirjinsa ya buɗe da kansa.

A wurinmu namiji ba ya ja da 'yar'uwarsa mace, ko da a cikin gidansa ne. Ban cika amfani da wannan ba, amma a ranar na yi. Na ce ya fita. Ya dube ni, ya dubi Tino, ta sunkuyar da kai tana gyara rigarta. Ya fita ya ja ƙofar garejin ƙasa. Muka fara, ba mu kai rabi ba na ji ƙarfen ƙofar yana amsawa, ya jingina bayansa a jikinta. Na ɗaga ƙofar na miƙa masa makullin mota.

"Ka tafi ƙarshen layi, wajen filin ƙwallo. Kada ka dawo sai na kira ka."

"Yaya, ni na ce zan ɗauka."

"Ka ɗauka sau talatin. Je ka."

Ya tafi. Ban ji daɗin yadda ya riƙe makullin ba, amma ba ni da lokacin tausayi. Ƙarfe biyu ta wuce, gabas ta fara duhu, kuma in ruwa ya sauka a kan kwanon nan ko ihu ka yi ba za a ji ba.

Na danna waya, na danna sifika. Tino ta faɗi sunanta, ta fara. Garejin ya yi wani irin faɗi da ban saba ji ba. Ta zo wurin da fiyano ke shiru, ta hau, ta tsaya, sai na ji muryar tana zamewa a hankali, da kiɗan ya dawo ya same ta a ƙasa da inda ya bar ta. Ta ce a sake. Ta sake zamewa. Na uku ma ba ta kai wurin ba ta tsaya, ta dafe wuya. Yarinyar da ta haye wurin nan sau talatin ba ta ko lura da shi ba, yanzu tun daga layin farko take jin tsoronsa. Ashe duk shekarun nan a kan muryarsa take auna tata, ita ma ba ta sani ba.

Ana cikin haka Malama Hartigan ta kira ta ji ko an tura. Na ce da saura, ai muna da awa biyu. Sai ta tuna mini cewa Melbourne sun matsar da agogonsu gaba da awa ɗaya tun Lahadin da ta wuce, mu a nan ba ma taɓa namu. Biyar ɗinsu huɗunmu ce. Na dubi agogo, uku da minti biyar.

Tino ta zauna a kan firiza, dogayen takalman da ta aro wurin ƙawarta suna lilo. Ta ce, "Goggo, ki kira shi. Ya tsaya can nesa ya yi a hankali, ba za su ji ba." Na ce za su ji. Ta ce to su ji, ita ba za ta iya ba, ji take kamar an janye ƙasa daga ƙafarta. Ba ta yi kuka ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Na fita zan kira shi, don ni ma na gaji da zama muguwa.

Wayarsa tana kan teburin guga, dole na taka da ƙafa. Iska ta fara tasowa tana kaɗa kwandunan shara. Na hango motar a gindin bishiya, gilasai duk a rufe cikin wannan zafi. Da na matso na ga Peni a zaune, rigarsa ta jiƙe sharkaf, agogonsa a kan sitiyari, bakinsa a buɗe wannan karon. Yana rera muryar ƙasa ta waƙar daga farko zuwa ƙarshe, minti ɗaya da rabi, ya ɗan dakata gwargwadon yadda za a sake saita waya, ya koma farko. Ya rufe gilasai ne don kada iska ta kai muryar gida. Na ƙwanƙwasa, ya zabura ya sauke.

Na gaya masa komai a tsaye, da zamewar, da awar da aka sace mana, da cewa Tino ta ce ya zo. Hannunsa ya kai kan makulli kafin na rufe baki. Sai ya tsaya. Ban taɓa ganin Peni ya fasa motsi ba, shi ya sa na lura.

"In na shiga yau, a Melbourne wa zai shigar mata?"

Ya share fuska da tafin hannu, ya tambaye ni me ke ƙafarta. Na ce takalman nan masu tsini.

"Ai daga gwiwa suke gani. Ki ce ta cire, ki shimfiɗa mata tabarma. Kafin ki danna, ta yi ƙugin da kanta, ta ji shi a ƙirji, sannan ta danne yatsun ƙafarta a ƙasa kada ta saki." Ya kawar da kai wajen filin ƙwallo. "Haka na yi ranar aladen. A baiti na biyu na gano."

Shekara arba'in da uku ke nan, ranar ce ta farko da ya ambaci maganar. Na so na ce masa wani abu, amma aka yi tsawa daga nesa, ya ce mini, "Yi sauri, Yaya," ya ɗaga gilashinsa.

Mace mai shekara sittin da gwiwa irin tawa ba ta gudu, amma na yi abin da ya yi kama da shi. Tino ta leƙa bayana ta ga babu kowa, fuskarta ta canja. Na faɗa mata saƙon yadda ya faɗa, ban ƙara ban rage ba. Sai ta sunkuya ta kwance takalman ta jefa bayan firiza. Na jawo tabarmar addu'ar yamma na shimfiɗa a gaban zanin gadon, na sauke wayar da littafi biyu tunda tsawonta ya ragu. Ta tsaya a kai, ta rufe baki, ta yi ƙugin. Siriri ne, ko kusa bai kai na uban ba, amma nan ne wurin. Uku da rabi ta gota.

Ta faɗi sunanta cikakke, har da na kakanta. Layin farko ya ɗan yi rawa, na ƙi tsayar da ita. Na biyu ya zauna. Ina kallon ƙafarta, yatsun sun kama tabarma har sun yi fari. Da ta doshi wurin nan sai na ji nawa maƙogwaron yana motsi, don ni ma 'yar gidan ce, na ciji leɓena a daidai inda na taɓa cije shi. Fiyano ya yi shiru. Ta hau, ta tsaya. Babu fanka, babu tsuntsu, babu kowa. Na ƙirga a zuci har na rasa lissafi. Da kiɗan ya dawo, a inda ya bar ta ya same ta. Ta sauke waƙar, ta tsaya cak yadda aka koya mata, na danna. Ba a yi minti ɗaya ba ɗigon farko ya bugi kwano.

Bidiyon ya yi ta jan ciki a shafin makarantar, ruwa na tsugewa, mu biyu mun dafa teburin guga muna kallon layin yana cika kamar ba ya so. Huɗu saura minti takwas ya shige. Na leƙa waje zan je kiran Peni, sai na gan shi a bakin shinge cikin ruwa, ya baro motar a can, bai kuma shigo ba tunda ba a kira shi ba.

Ya zauna a kan kujerar roba yana ɗiga, Tino ta saka masa iyafis. Na zuba wa maƙogwaronsa ido, bai motsa ba. Ƙafarsa ma ba ta motsa ba. Da ya ƙare ya ce a mayar farko, ya sake ji. Sannan ya cire, ya riƙe igiyar a hannu yana juya ta.

"Ashe haka muryarta take," ya ce, da ni yake magana ba da ita ba. "Ban taɓa ji ba."

Tausayinsa ya kama ni har na rasa inda zan sa idona. Shekara goma sha takwas yana tallafe da muryar nan, bai taɓa yin shiru ya saurare ta ba sai da aka kore shi daga garejinsa. Tino ta durƙusa ta ɗora kanta a kan jiƙaƙƙiyar rigarsa, ni kuma na tafi ɗora ruwan koko.

Washegari wayar ta ce ta cika, ya zauna yana goge ɗaukan da suka lalace, Tino ta riƙe hannunsa a kan na sha huɗun ranar Laraba, ta ce wannan nata ne, ya tura mata kafin ya taɓa. Makarantar ta kira ta a watan Nuwamba ta je ta yi a gabansu, a Fabrairu ta tattara kayanta ta tafi. Ta ce mini na sha huɗun take saurare a jirgin ƙasa in za ta makaranta.

Hotuna sun koma bango, Mista Doyle ya koma yankan ciyawarsa, Peni kuma har yau bai gama shan shayi a zaune ba. Ran Lahadi shi ke biyowa ya ɗauke ni zuwa coci, kuma kafin mu fita layinmu ya kunna wanda aka tura, mai muryarta ita kaɗai. Yana shiga ƙarƙashi tun daga layin farko, da baki buɗe, motar har rawa take. Amma in an zo wurin da fiyano ke yin shiru sai ya rufe bakinsa, ya damƙe sitiyari da hannu biyu, wuyansa na kokawa, ya bar ta ta haye. Sai kiɗa ya dawo yake sakin numfashi ya kama mata layin ƙarshe.